Wari daga shofaj na tsohuwar mota: tambayoyi da amsoshi

A Tahoua wata tara, wani lokaci goma, ba mai waiwayar maɓallin shofaj, na'urar da ke hura iska mai ɗumi a cikin mota. Sai Disamba ta kama, iskar hunturu ta taso, direban da ya fito bayan sallar asuba zai kama hanyar Abalak ko ta Ƙonni ya ji yatsunsa sun ƙage a kan sitiyari, sannan ya murɗa shi zuwa ja. Tambayoyin da ke ƙasa daga lokacin suke fara zuwa gareji, kowace shekara, kusan da kalmomi iri ɗaya. An tattara su ne saboda masu tsofaffin motocin da suka cika garin: Corolla da Carina da Starlet, Hiace na ƴan tasha, Hilux, da ragowar Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa.

Motata ba ta wari sai na kunna shofaj. Shi ne ya lalace?

Ba lallai ba ne. Mutane da yawa suna zaton akwai wata waya a ciki da ke jan wuta tana ɗumama iska. A motocin da muke magana a kansu zafin daga inji yake zuwa. Ruwan da ke zagaya inji yana sanyaya shi kan kai wajen digiri 90, sai a ɗebi wani sashe nasa ta tiyo biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, a kai shi wata ƙaramar radiyata da ke ɓoye a bayan tabulo, wato allon gaban mota mai ɗauke da allurai da maɓallai. Fanka ta hura iska ta ratsa ta, iskar ta fito da ɗumi.

Ita iskar daga waje ake jawo ta, ta wata raga da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin sandunan goge gilashi, daf da bakin kapo, marfin gaban mota da ke rufe inji. Daga nan ta bi ta matata idan motar na da ita, ta wuce fanka, ta ratsa sashen sanyi na kilim (na'urar sanyaya iska), kafin ta kai ga ƙaramar radiyatar. Duk abin da ke kwance a kan wannan hanya, ko yake tashi a ƙarƙashin kapo kusa da ragar, zai iso hancinka. Zafi kuma yana tayar da wari: abin da ya yi wata shida bai dami kowa ba, da iska mai ɗumi ta bi ta kansa sai ya bayyana. Akasari shofaj ɗan aike ne, wanda ya aiko shi ake nema.

Akwai abin da zan gwada da kaina kafin in je gareji?

Akwai, kuma ba zai ci maka ko dala ba. Ka yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin rufaffen wuri ba.

Da safe, tun inji na sanyi, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da mota ba, ka kunna fanka. Idan warin ya fito tun a nan, inji ba shi da hannu. Abin yana cikin hanyar iskar: ƙura, rima, mushen ɓera, ko wayar fankar da kanta. Idan ba ka ji komi ba, ka tayar da mota ka zauna kana kallon allurar zafi. Warin da ke tasowa tare da allurar, na ruwa ne ko na mai.

Sai gwaji na biyu, wanda ya fi kowane amfani. Akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya ta lanƙwashe a cikinta, a tsofaffin motoci kuma ɗan ƙarfe ne da ake turawa gefe. Aikinsa rufe ƙofar iskar waje, fanka ta riƙa juya ta cikin mota kaɗai. Ka rufe, ka jira minti biyar. Idan warin ya ragu, daga ƙarƙashin kapo yake shigowa. Idan yana nan ko ya ƙaru, a cikin tabulo yake, ko a ƙarƙashin tapi, shimfiɗar da ake taka ƙafa a kai. Ka kuma lura ko ya fi tsanani a tsaye ko a tafe, da ko yana canzawa idan ka ƙara gudun fanka.

Makaniken da aka ce wa “mota na wari” kwance-kwance zai fara, kuma da kuɗinka zai yi laluben. Wanda aka ce masa “sai inji ya yi zafi, kuma in na rufe iskar waje yana raguwa” ya san kapo zai ɗaga.

Ranar farko da na kunna na ji ƙauri kamar na ƙura, washegari ya ragu. In damu?

A'a. Ƙurar shekara ce ta kwanta a kan ƙaramar radiyatar ta ji zafi. Ka sauke gilasai, ka sa fanka a gudu na ƙarshe na ɗan lokaci. Idan ya wuce kwana biyu ko uku yana nan, ba ƙura ba ce.

Wani irin wari mai zaƙi-zaƙi nake ji, gilashin gaba kuma yana yin hazo ta ciki. Mene ne?

Ƙaramar radiyatar ce ke yoyo, ko mahaɗin tiyonta. Ruwan radiyata mai launi, kore ko ja ko shuɗi, yana ɗauke da wani sinadari, ethylene glycol, wanda ke ba da wannan ƙamshin na sukari da aka narka idan ya ji zafi. Hazon nasa daban yake da na numfashi. Ka goga yatsa a gilashin: idan ya bar shafi mai maiƙo, tsumma kuma sai ƙara dama shi yake yi, ba ya sharewa, to shi ne.

Ka ɗaga tapin gaba, musamman ɓangaren fasinja, ka tura hannu har ƙarƙashin soson da ke shimfiɗe a ƙasa. Saman tapi kan bushe ƙayau alhali soson ya sha ruwa sharkaf. Ka murza damshin tsakanin yatsu biyu, za ka ji santsi. Sannan ka duba ruwan radiyata da safe kafin a tayar da mota. Wanda yake ƙarin ruwa kowane mako, bai kuma taɓa ganin ɗigo a ƙasa inda motar ta kwana ba, sau da yawa cikin motar ruwan yake zuba.

Wani abu da ke ruɗa mutane a nan garin: motoci da yawa ruwan famfo ko na rijiya zalla ake zuba masu. Irin waɗannan ba su yin zaƙin. Warinsu na tsatsa ne da jiƙaƙƙen ƙarfe, tabon da ke kan tapi kuma ja-ja ne kamar jar ƙasa. Ciwon ɗaya ne.

A gareji ana tabbatarwa da famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin radiyata. A hura iska zuwa matsin da aka rubuta a kan marfin, wanda yawanci yana wajen bar 1, a zuba wa allura ido. Idan tana sauka, akwai ɓula. Kai kuma kada ka taɓa buɗe marfin radiyata inji na da zafi. Matsin ne ke hana ruwan tafasa ko ya haura digiri 100, da ka saki marfin zai yi tsartuwa a fuska.

Wannan ba gyaran da ake ɗagawa sai bayan salla ba ne. Tururin ba shi da kyau a shaƙa, kuma ruwan da ke zuba cikin mota daga na inji yake raguwa. Ƙaramar ɓula kan buɗe gaba ɗaya a tsakiyar tafiya, tafasasshen ruwa ya zubo wa na gaba a ƙafa, inji kuma ya ƙone tsakanin Badagishiri da Tsarnawa.

Sai maganar gida. Ruwan nan guba ne, ga launi mai kyau, ga ɗanɗano mai zaƙi. Kada a juye ragowarsa a gorar lemo a ajiye inda yara ke kaiwa, kada a zubar da shi inda awaki ko kyanwa za su lasa. Yaron da ya sha a nufi asibiti da shi nan take, ko da bai nuna wata alama ba, domin ƙoda yake lalatawa kuma ba ya nunawa da wuri.

Makanike ya ce a haɗe tiyon biyu a manta da shofaj. Ha'inci ne?

Ba ha'inci ba ne, muddin ya faɗa maka abin da za ka rasa. Ƙaramar radiyatar ba ta da tsadar da za ta firgita mutum, kaiwa gare ta ne aiki. A motoci da yawa sai an fitar da tabulo ɗungurungum, wani lokaci har an saki gas na kilim. A tsohuwar mota da rana ta gasa robobinta shekara ashirin, kowane ƙugiya da aka taɓa yana iya karyewa, a mayar da tabulo ya riƙa ƙara har ƙarshen rayuwar motar. Saboda haka ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari, daga gida zuwa kasuwa zuwa wurin aiki, ni ma haɗewar zan ba shi shawara.

Ga mai tafiyar dare ko ta asuba zuwa Agadas a watan Janairu, ko mai ɗaukar tsofaffi da jarirai, gyaran ya fi. Haka wanda kilim ɗinsa ba ya aiki, domin da damina iska mai ɗumi ce kaɗai za ta share masa hazon gilashi.

Idan za a haɗe, a haɗe da kyau: guntun bututun ƙarfe daidai faɗin tiyon, da maɗauri na sukuru a kowane ɓangare, tiyon kuma kada ya lanƙwashe har ya toshe. Ban yarda da cusa guntun icce ko tsohon buji a ɗaure da waya ba. A wasu injuna ruwan yana bukatar ya ci gaba da zagayawa ta wannan hanya. Bayan an gama, a hura iska a fitar da ruwan da ya rage a cikin ƙaramar radiyatar, a ciro soson ƙasa a wanke a shanya. In ba haka ba warin zai zauna makonni, ka yi zaton aikin bai yi ba.

Masu 504 su fara duba famfon shofaj, ɗan abin da ke buɗe wa ruwan zafi hanya idan an ja maɓalli. Sau da yawa shi ne ke ɗiga, radiyatar lafiyarta lau.

An ce in zuba garin barkono ko ɗanyen ƙwai a radiyata, yoyon zai tsaya.

Yakan tsaya, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa. A daji, inda babu gareji kuma dare na yi, ba zan ga laifin wanda ya yi haka don ya isa gari ba. Amma ramukan ƙaramar radiyata sun fi na babbar ƙanƙanta, su ne farkon toshewa. Sakamakon shi ne shofaj da ba ya ɗumi, da ruwa mai wani irin ɗoyi idan an buɗe marfi. Wanda ya zuba, da ya iso gari ya sa a wanke hanyar ruwan gaba ɗaya.

Asalin ɓular ma daga ruwan take. Ƙasar Adar, inda Tahoua take, ƙasar farar ƙasa ce, ai da ita ake yin siminti a Malbaza, kuma ruwan rijiya yana barin ɓawo fari a cikin bututu kamar yadda yake bari a gindin butar shayi. Ruwa zalla kuma ba shi da maganin tsatsa. Ruwan radiyata mai launi ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Tsohon nau'insa duk shekara 2 ake canza shi. Idan za a sirka, a sirka da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba.

Malam, tawa motar warin rima take yi, kamar kayan da aka ninke ba su bushe ba.

Hajiya, wannan daga kilim ne, shofaj ya tono shi kawai. Sashen sanyi na kilim yana tara raɓa, ruwan kuma yana fita ta wani ɗan tiyo da ke ƙarƙashin mota, shi ne ɗigon da kike gani idan an tsaya. Ƙurarmu idan ta haɗu da raɓar sai ta zama taɓo ta toshe tiyon. Ruwa ya kwanta a duhu tun damina, fumfuna ta tsiro.

Ki kunna kilim na minti goma mota na tsaye, ki sa a leƙa ƙasa. Idan ba ɗigo, a nemo bakin tiyon a zura waya mai laushi ko a hura masa iska. Akwai kumfar wanke kilim da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ana fesa ta ta wajen fanka, ta narke ta fito da dauɗar ta wannan tiyo. Kada a zuba jabel, ruwan wankin nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, a ciki, yana cin alminiyam. Daga baya ki saba kashe kilim ki bar fanka na aiki minti biyu ko uku kafin ki iso gida, don wurin ya bushe.

Ki kuma tambayi masu wankin mota. Idan suna watsa ruwa a ciki da bokiti, soson ƙasa ba ya bushewa a yini ɗaya, kuma iskar shofaj da ke hurawa ta wajen ƙafa kansa take sauka.

Ɗoyi ne sosai, kamar wani abu ya mutu. Fanka kuma tana karkarwa.

Wani abu ne ya mutu. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ko wadda ake ɗaukar gero da gyaɗa a cikinta, ko aka ajiye wata biyu ba a tayar ba, gidan ɓera ce. Ta ragar gindin gilashi yake shiga ya sauka cikin fanka, wadda take kamar ɗan kwando mai haƙora.

A Toyota da yawa fankar tana ƙarƙashin akwatin takardu na gaban fasinja, sukuru uku ne ke riƙe da ita. In aka sauke ta, abin da ake tararwa kusan kullum ɗaya ne: yagaggen soson kujera, ɓawon gyaɗa, guntayen leda, ƙaiƙayi, duk an murɗe su sun zama sheƙa, a gefe kuma busasshen mushe manne da haƙoran fankar. Nauyinsa a gefe ɗaya ne ke sa ta karkarwa. Wani lokaci ƙadangare ne.

Kada a kaɗe da busasshen tsumma, kada a hura da iskar mai faci, domin ƙurar kashin ɓera na ɗauke da cuta. A sa safar hannu ko leda, a rufe hanci, a jiƙa wurin da jabel kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a bar shi minti biyar, a kwashe. Robar fankar da akwatinta kaɗai za a wanke da shi. Kafin a mayar, a haska fitila a duba wayoyi, domin ɓeran da ya yi sheƙa ya yi gwaguya. Kada kuma a sa maganin ɓera a cikin mota: zai ci ya shige can cikin bututun da hannu ba ya kaiwa ya mutu. Tarko ya fi, sai ƙaramar ragar ƙarfe a bakin mashigar iska.

Ƙaurin roba nake ji, fanka kuma ba ta aiki sai a gudu na ƙarshe.

Kashe ta, ka nufi mai gyaran wutar mota. Gudu na ɗaya da na biyu da na uku ta wani ɗan abu suke bi mai rage ƙarfin wuta, yana zaune a cikin hanyar iska don iskar ta riƙa sanyaya shi. Idan ƙura ta cushe fanka ta yi nauyi, ko ciyawa ta kwanta a kansa, sai ya yi zafi ya ƙone, ya narka robar mahaɗinsa. Gudu na ƙarshe ba ya bi ta cikinsa, shi ya sa ya rage. Canza shi kaɗai ba ya isa idan fankar ce ke jan wuta fiye da kima, sabon ma zai bi sahu.

Ka sa a duba fizibil a gabanka, ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Idan 20 aka rubuta a wurin, 20 za a sa. Wanda ya naɗa waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa ya cire abin da ke hana motar kamawa da wuta.

Idan na tsaya a kan hanya sai in ji warin hayaƙi, in na daɗe kaina na ciwo.

Wannan ce tambayar da ba ta jira gobe. Ka sauke gilasai, ka daina ɗaukar kowa har a gyara.

Iri biyu ne. Na farko ƙaurin man inji: robar marfin saman inji ta bushe, mai na tsattsafowa yana ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, tururin ya tashi ya shiga ragar gindin gilashi. Idan ka ɗaga kapo za ka ga jiƙaƙƙen baƙi a gefen inji, wani lokaci da siririn hayaƙi. Gyaransa ba wuya. A duba har robar da ke bakin kapo ta baya, wadda ke raba ɗakin inji da mashigar iska. A tsofaffin motoci sau da yawa ta faɗi ba wanda ya lura.

Na biyu hayaƙin salansa ne kansa, daga tsagewa ko mahaɗin da ya saki. Alamarsa ƙarar “tik-tik” da safe wadda ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya matse tsagar, da baƙin toka a gefen mahaɗi. Makanike kan toshe bakin salansa da tsumma na ɗan daƙiƙu, ya saurari inda iska ke huci. Abin tsoro a cikin hayaƙin shi ne iskar carbon monoxide, wadda ba ta da wari ko launi. Tana kama jini fiye da iskar oxygen da jiki ke bukata sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci mai nauyi, su ne alamunta, kuma direba kan ɗauke su gajiyar hanya ce. Idan yara a baya suka yi laushi ko suka fara amai, a tsaya a fitar da kowa cikin iska, a kai asibiti.

Masu Hiace su fi kowa kula, domin injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, kuma robar marfinsa ce kaɗai tsakaninsa da fasinja. Haka tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda buhunan albasar Galmi sun hana ta rufuwa: iskar bayan mota juyowa take yi, tana mayar da hayaƙin ciki. Mafi muni shi ne kwana cikin mota a hanya, inji na aiki, shofaj a kunne, gilasai a rufe. A ɗauki bargo.

Tun 1993 sababbin motocin esansi da ake sayarwa a Tarayyar Turai suke fitowa da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda ke rage wannan guba ƙwarai. Da yawa daga waɗanda suka iso mana an fasa tukunyar an sayar da cikinta, hayaƙinsu ya koma irin na dā.

Warin esansi fa?

Ka fara da abin da ke bayan mota. Bidon da aka cika a bakin hanya, ko tsumman da aka goge mazurari da shi, ya isa. Idan babu, tiyon mai ne ya tsattsage, ko robar bakin allurar mai ta bushe, ko kafireto na ambaliya a motocin da ke da shi. A duba inji na aiki, da fitilar hannu, ba da ashana ba. Ɗigon esansi kusa da bututun hayaƙi ba a tafiya da shi ko zuwa gareji, makanike ake kira ya zo.

Ruɓaɓɓen ƙwai nake ji.

Ko tukunyar tace hayaƙi ce ta gaji, ko batir ne ke dahuwa. Ka taɓa gefen batir ɗin: idan ya yi zafi ko ya kumbura, dinamo na tura masa wuta fiye da kima. Inji na aiki, ma'auni ya kamata ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5. Idan ya kai 15, a gyara kafin batir ya fashe, kuma kada a kusance shi da taba.

Ba zan iya turara motar da turaren wuta in huta ba?

Bayan an gano dalili an gyara, turara abinki. Kafin nan turare rufe maki hanci kawai zai yi, kuma hancin ne abin da ke gaya maki ruwa na zuba ko waya na ƙonewa. Hayaƙinsa kuma yana da danƙo, yana manne wa sashen sanyi na kilim, ƙura ta samu wurin kamawa. Garwashi a kasko cikin motar da ba a san ko esansi take yoyo ba kuwa, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Ina matatar iskar take? Na nema ban gani ba.

Mai yiwuwa babu. Motoci da yawa na shekarun 1980 da farkon 1990 ba a yi su da ita ba, wasu kuma an bar gurbinta fanko. Inda take, yawanci bayan akwatin takardu ne ko ƙarƙashin ragar gindin gilashi. Littattafan motoci kan ce a canza ta wajen kilomita 15,000, amma wannan lissafin ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba ne. A nan a duba ta farkon sanyi da ƙarshensa. Kaɗe ta yana rage ƙura, ba ya cire wari.

Zan sayi mota ƴar Kwatano a Yamai cikin watan Afrilu. Yaya zan gane lafiyar shofaj a wannan zafi?

Ka daure ka kunna shi, ko dillali zai yi maka dariya. Kafin nan ka ɗaga kapo ka dubi bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ka nemi bututu biyu gefe da gefe. Idan ba tiyo a jikinsu, ko ka ga tiyo ɗaya ya yi lanƙwasa ya koma inji, an riga an haɗe, ka sa wannan a cikin ciniki. Idan suna nan, bari inji ya yi zafi ka taɓa su da hankali. Duka biyu da zafi, ruwa na wucewa. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, ƙaramar radiyatar ta toshe. Idan allurar zafi ta ƙi hawa tsakiya kuma iskar ɗumi-ɗumi ce kawai, wataƙila an cire abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, al'adar da makanikai da yawa ke yi da sunan maganin zafi. Ka tura hannu ƙarƙashin tapi. Motar da aka cika ta da turaren fesawa, ka bar ta a rufe cikin rana rabin awa ka dawo ka shaƙa.

Bayan ka saya, ka riƙa kunna shofaj minti biyar sau ɗaya a wata, ko da bazara, don ruwa ya zagaya kuma ƙofofin iska kada su ƙage. Shofaj mai lafiya yana da wani amfani a hanyar Yamai zuwa Tahoua: idan allurar zafi ta fara hawa, ka kashe kilim, ka sauke gilasai, ka sa shofaj da fanka a ƙarshe. Ƙaramar radiyatar za ta ɗebe wani sashe na zafin injin har ka samu inda za ka tsaya ka kashe mota. Idan allurar ta shiga ja, ko iskar ta koma sanyi alhali allura na sama, ruwa ya ƙare, ka tsaya nan take.